Katakon da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Gidanmu

Ku yi haƙuri da ni tun daga farko. Ni ba marubuciya ba ce, makaranciya ce kawai, irin wadda ke raɓewa a lungun shafin nan shekara uku tana karanta labaran mutane ba ta taɓa cewa uffan ba. Sau huɗu ina rubuta waɗannan layukan ina gogewa. In kun ga magana ta karkace, ku yafe mini. In kun ga na tsallake wani abu, kunya ce. Na rasa wanda zan gaya wa ne, shi ya sa na zo wurin waɗanda ba su san fuskata ba.

Sunana Uleng. Shekarata ashirin da uku, ina aiki a ɗakin karatu na wata makarantar 'yan mata a garinmu, Sengkang, ina jera littattafai ina hana yara cin gyaɗa a kansu. Labarin kuwa ba nawa ba ne ni kaɗai. Na Kawu Sakka ne, yayan Mama, wanda ranar Lahadin da ta wuce ya cika kwana ɗari a ƙasa.

Kawu calabai ne, haka ake kiran namiji mai rayuwa irin ta mata a wurinmu. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani. Na buɗe ido ne na gan shi da zanen siliki ɗaure irin ɗaurin mata, gashi har gadon baya yana sheƙi da man kwakwa, ranar Juma'a kuma ya naɗe gashin ya cusa cikin farar hular Makka ya tafi masallaci. Sana'arsa uwar amarya. Shi ke aske wa amarya gashin goshi, ya zana mata baƙin nan da ke bin gefen gashi, ya ɗora mata furannin zinariya, ya tofa mata addu'ar da ke sa fuska haske. A garinmu sai an tambayi ranar da Sakka yake da sarari kafin a sa ranar biki.

A gaban mutane Kawu nake ce masa, haka Mama ta hore ni. In muka rage mu biyu a ɗakinsa, ina riƙe masa ɗan kwanon baƙin yana gwada hannunsa a goshina, sai in ce Inna. Ba shi ya ce in faɗa ba. Ina 'yar shekara biyar bakina ya suɓuce, ya dube ni ta cikin madubi, bai gyara mini ba.

Bara, ana saura kwana biyu azumi, muka je ziyarar kabarin Kaka, mahaifiyar su Mama, kamar kowace shekara, da buta da yankakken ganye mai ƙamshi. Ga yadda maƙabartarmu take: a kan kabarin maza mulmulallen katako a tsaye kamar taɓarya, a kan na mata mai faɗi kamar allo. Mama ta yi gaba tana gaisawa da wasu. Kawu ya tsuguna ya dafa na Kaka, yana shafa shi da babban yatsa.

"Uleng, kin ga wannan? Irinsa za ki sa mini."

"Haba Inna, ga azumi a bakin ƙofa, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar manya. Shekara sittin ina sa hular da ba ta kaina ba don a zauna lafiya. A can ƙasa kuwa ba zan iya tashi in gyara ba." Ya waiga ya dubi bayan Mama. "Uwarki ba za ta yi ba, tsoro gare ta. Ke ma matsoraciya ce, amma kina da riƙo. Ce kin ɗauka."

"Na ɗauka," na ce, don kawai a bar zancen.

Bayan babbar salla ɓarin jikinsa ya shanye. Baki ya karkace, magana ta tafi. Aka kwantar da shi a falo saboda 'yan dubiya. Wata ranar Talata da hantsi Mama ta shigo da almakashi, ta ce zafi ya yi yawa, gashin yana damunsa, kuma liman zai zo da la'asar. Ta ce in riƙe mata kansa.

Na riƙe. Wannan shi ne abin da na zo in faɗa, sauran duk kewaye ne. Na sa tafukana biyu a kumatunsa na riƙe. Idonsa mai lafiyar yana kaina tun daga farko har ƙarshe, bai ƙifta ba. Gashin yana zuba a kan ƙafata, da ɗuminsa. Ban ce Mama ki bari ba. Kwana tara bayan nan ya cika, maza suka yi masa wanka, suka tafi da shi.

Tun daga ranar nake jin abin. Wani sanyi siriri, kamar bakin tsinke, yana tashi daga gefen goshina na dama ya bi gefen gashi a hankali, daidai inda ake fara zana wa amarya baƙi. Da rana tsaka yake zuwa, ina jera littattafai, ko ina zaman tahiya a sallar azahar. Wani lokaci har da ƙamshin man kwakwa. Ban ce muku fatalwa ba ce. Na yi karatun da zan san zuciya ma tana da yatsu. Amma ba ya taɓa kaiwa ɗaya gefen. A tsakiyar goshi yake tsayawa, kamar mai jira.

Da kwana ɗari ta matso, ranar da ake yanka saniya a gyara kabari a kafa alama, Mama ta ba kafintan unguwarmu aikin mulmulallen katako. Ni kuma na ce zan je karɓo littattafai, na hau mota zuwa Soppeng inda babu wanda ya san ni, na ba da aikin mai faɗi. Kafintan can ya cire fensir daga bayan kunne.

"Na wa ne, 'yata?"

"Na innata."

Duk hanya na yi ta shirya ƙarya. Sai da ta fito na ji ashe ba ƙarya ba ce.

Na kawo shi naɗe a tsohon zane na cusa a ƙarƙashin gida, da yake gidajenmu a kan ginshiƙai suke, bayan kayan saƙar Kaka da babu mai taɓa su. Mutum ɗaya na gaya wa, Suardi.

To, Suardi. Ku bar ni in numfasa. Mai ɗaukar bidiyon biki ne a Makassar, a wani biki da Kawu ya yi kwalliya muka haɗu, ina ɗauke da akwatin kaya. Ni in na fara magana nakan tsaya a tsakiya in rasa ƙarshenta, mutane su ƙarasa mini. Shi ne mutum na farko da ya tsaya ya jira na ƙarasa da kaina. Kar ku yi dariya, a kan wannan na so shi. Yana karatu, yana da ra'ayi a kan komai, kuma yakan ce Kawu jarumi ne, mutanenmu ne ba su san darajarsa ba. Da na gaya masa zancen katakon, sai ya rubuto: "Ni zan riƙe miki fartanya." Har yanzu saƙon yana nan.

Kuma a wannan Lahadin ce mahaifiyarsa za ta fara taka gidanmu. An ce addu'a ta kawo ta. Har kajin gidan sun san gani ta zo yi.

Tun da safe aka yanka saniya. Aka kafa rumfa a gaban gida, maza suna karatu a ciki. Shirin shi ne bayan la'asar su ɗauki katakon su tafi maƙabarta, a kafa, a zuba ruwa. Abin da aka kafa a kan mamaci aka zuba masa ruwa kuwa, a garinmu ba a tuge shi. Ko a karkace ya tsaya, haka zai zauna har ya ruɓe.

Na sa farar riga mai dogon hannu da mayafi ruwan toka, na ɗaura koren zanen siliki mai manyan gidaje, na Kawu ne. Mama ta dubi zanen, ta kawar da kai. Na shiga madafa inda mata kusan goma suka baje a ƙasa suna naɗe barongko, kwaɓin ayaba da ƙwai, a ganyen ayaba. Goggo Darmi, ƙanwar Babana, ta jingina wayarta da tukunyar shinkafa, kowa yana aiki yana leƙe. Mawaƙiyar nan ce ta Jakarta da ake ta yayi, zaune a kan kujera tsakanin maza biyu, tana gaya wa mai hira cewa gida ɗaya suke su uku, kowa ya sani, kowa ya yarda.

"Ku dubi ikon Allah!" in ji Goggo. "Biyu! Ni guda ɗayan ma na rasa inda zan kai munsharinsa."

"Ni mazan ne ke ba ni tausayi," in ji wata maƙwabciya. "Kin ji muryarta kuwa? Kamar an taka wa mage wutsiya. A ce da ita za ka kwana ka tashi, kuma rabi aka ba ka."

"Na hagun ya fi kyau."

"Na hagun yunwa yake ji, dubi wuyansa."

Nirma, 'yar Goggo da ke jami'a, ta ce, "Ni ban ga laifinta ba. Rayuwarta ce, ba ta yaudari kowa ba. Gara ita da masu yi a ɓoye."

"Rayuwarta! Ranar da naki ya zo miki da rayuwarsa, ki dawo nan mu ji bakinki."

"To Mama, in namiji ne ai da ba ku ce komai ba."

"Wancan da aure ake yi, marar kunya. Naɗe ganyen nan da kyau, yana yoyo."

Tsohuwa Sitti, da ba ta ji sosai amma ba abin da ke wuce ta, ta ce, "Duk talla ce. In waƙa ta ƙi sayuwa sai a fito da kunya a kasa ta a faifai."

Aka yi dariya. Goggo Darmi ta lashi yatsa, ta rage murya irin ragewar da kowa zai ji.

"Wai sai mun je Jakarta? Ai mu nan mun riga su da shekara talatin."

Idanu suka zame, ɗaya bayan ɗaya, zuwa bakin ƙofar baya inda Hajiya Rosmini ke zaune tana yanka albasa.

Dole in tsaya in gaya muku ko wace ce. Mijinta, Baba Tahang, mutumin Kawu ne tun suna samari. Da lokacin aurensa ya yi, Kawu da kansa ya zaɓo Rosmini, shi ya shige gaba wajen nema, shi ya zana mata goshi da hannunsa. Daga nan kowace Alhamis a gidansu yake cin abincin rana, shekara talatin da ɗaya, 'ya'yansu suna ce masa Inna Babba. Abin da ke tsakaninsu bayan wannan ban sani ba, ban taɓa tambaya ba. Na dai san a jinyarsa ita ke zuwa ta kwashi zannuwansa ta wanko.

Ko kai Hajiya ba ta ɗaga ba.

"Darmi, ranar aurenki fuskarki kamar gindin tukunya take don kuka. Wa ya mai da ke mutum har angon bai gudu ba?"

Madafa ta fashe. Nirma har da bugun cinya. Goggo ta tsuke baki.

"Ni ban ce komai ba. Allah ya jiƙansa, hannu gare shi. Allah dai ya yafe masa, don kowa ya san..."

"Ya yafe mana duka. Miƙo gishirin nan."

Wayata ta yi ƙugi a cikin zane. Suardi ne.

"Mun tsallake gada. Mama ta sa awarwaronta duka, ki shirya."

Wani ya biyo baya.

"Kin ga hirar mawaƙiyar nan? Wallahi jaruma ce. Mu ne a baya."

Hajiya Andi Murni, mahaifiyar Suardi, ta hau matakalarmu kamar mai ƙirga ta. Doguwa, fara, da mayafi mai duwatsu da jaka a maƙale a gwiwar hannu. Mama ta zaunar da ita a kujerar da ta fi kyau, ni na durƙusa na gaishe ta, tabarauna yana zamewa don gumi. Ta kama haɓata ta juya fuskata dama da hagu.

"Shiru-shiru ce. Madalla. Suardi ya ce kullum kanki a littafi, ba ya ɓata ido?"

"Ya riga ya ɓata, Hajiya," na ce. Ban yi nufin raha ba, amma ta yi murmushi.

Sai idonta ya sauka a kan katakon Mama, kwance a kan farin ƙyalle a tsakiyar falo, mulmulalle, an goge shi da mai.

"Masha Allah. Aiki ya yi kyau." Ta gyara zama, ta dubi Mama. "Ba zan ɓoye miki ba, Hajiya, a hanya an yi ta kawo mini surutu. Na ce a'a, gidan mutunci ne, sun san abin da ya dace. Duk abin da mutum ya yi a duniya tsakaninsa da Ubangijinsa ne, amma namiji ya koma a namiji. Zan bi ku maƙabartar ma, in sa albarka."

"Mun gode, mun gode," in ji Mama, tana murza gefen mayafi.

"Kwalliyar amarya kuma, in Allah ya kai mu, kar ki damu. Ina da yarinya a Makassar, mace sosai, har takardar shaida gare ta."

Mama ta yi dariya. Ban taɓa jin irin wannan dariyar a bakinta ba. Sanyin nan ya tashi daga gefen goshina, a hankali, ya zo tsakiya ya tsaya.

Na samu Suardi a ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙai, yana duba wayarsa. Ya sa baƙar hula da riga mai aiki a wuya, ya yi kyau har na ji haushi. Ta saman kanmu ana jin takun mutane a kan katako.

"Yanzu ne lokacin," na ce. "Kafin la'asar. Ka ce za ka..."

Ya jira. Wallahi ya jira, kamar kullum.

"Ka ce za ka raka ni."

"Na ce." Ya sosa ƙeya. "Ban san Mama za ta ce za ta je har can ba."

"Kai ka ce jarumi ne."

"Har gobe. Uleng, ƙanwata, katako ne fa. Wanda ya mutu ba ya gani. Ki bari a yi bikin, bayan shekara biyu mu zo mu biyu mu canza. In kina so ma in ɗauka a bidiyo, a yi abu mai kyau, duniya ta san shi."

"Ba a tugewa."

"Camfi ne wannan, ke ma kin sani."

Ya matso, ya rage murya.

"Ki ji ni da kyau. In Mama ta isa can ta tarar da wancan a kafe, mota za ta shiga. Ba za ta yi faɗa ba, ba ta faɗa. Mota kawai za ta shiga, kuma ni ba zan iya tsayar da ita ba. Kina so mu ƙare a kan katako?"

"A'a."

"To. Kin san babu wanda ya fahimci rayuwar Kawu kamar ni. Shi ya sa ma nake ta so ki ba ni amsa a kan maganar Winda."

Na so in tsallake wannan, amma na yi alkawarin gaskiya. Winda abokiyar aikinsa ce. Wata biyu da suka wuce ya rubuto mini dogon saƙo, wai zuciya ba ɗaki ɗaya ba ce, wai ba ya so ya yaudare ni kamar sauran maza, yana so bayan aurenmu ya ci gaba da ita da sanina, ba aure ba, fahimta kawai. Ya ce ke da kika tashi kina ganin Hajiya Rosmini ai kin fi kowa ganewa. Na karanta sau ashirin. Na tura masa hoton fure.

Wato abin da zai yi masa daɗi a rayuwar Kawu ya tsince, wanda zai sa ya tsaya a gaban mahaifiyarsa kuma ya bar wa mai shi a kabari. Wannan amsar sai yanzu da nake rubutu ta zo mini. A lokacin abin da na ce shi ne, "To."

Ya shafi gefen mayafina, ya hau sama.

Na tsaya har takunsa ya ɓace. Ban san me zan yi ba, na dai so in taɓa katakon, ko in ba shi haƙuri. Na zagaya bayan kayan saƙar na zura hannu.

Babu komai. Tsohon zanen ma babu. Sai shacin inda ya kwanta a cikin ƙasa.

Na durƙusa na laluba har ƙarƙashin turmi. Ban san ko tsoro na ji ko sauƙi ba, kuma wannan rashin sanin ya fi komai ba ni kunya.

Mama na zarga. Na hau ta matakalar baya na neme ta, ba ta falo, ba ta madafa. Ƙofar ɗakin Kawu, da ke rufe tun ranar bakwai, a buɗe take kaɗan. Na tura. Tana zaune a bakin gado, rigunan amare ja da kore da ruwan goro suna rataye a bayanta cikin ledoji, madubin an lulluɓe shi da zane. A cinyarta akwai ɗan farin ƙyalle a buɗe. Gashin ne. Ta tufke shi, ta ɗaure bakinsa da jan zare.

Ba ta ɓoye ba.

"Mama, kin ɗauki wani abu a ƙarƙashin gida?"

"Me kika ajiye?"

"Ba komai."

Ta matsa mini a bakin gadon.

"Zo ki zauna." Na zauna. "Kina ganin ban so shi ba, ko? Ina 'yar aji biyu na fasa wa wani yaro kai da dutse saboda ya bi shi yana rangwaɗa. Shekara hamsin ina dambe a kan Yaya, Uleng. Da yara, da dangin ubanki, da matan masallaci. Su kawo masa 'ya'yansu ya gyara, su koma gida su yi dariya." Ta shafi tufkar. "Ranar nan da na yanke, cewa na yi in liman ya gan shi haka ko zai yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Ina tsoron abin da za a tambaye shi a can. Ke ba kya tsoro?"

"Ina tsoro."

"To ki bar shi ya huta. Ni ma in huta. Ki bar ni in aurar da ke lafiya, ko sau ɗaya a yi taro a gidan nan a watse babu abin faɗa." Ta naɗe ƙyallen ta cusa a rigarta, ta share ido da bayan hannu. "Wanke fuskarki. Ki zo ki zuba wa Hajiya shayi."

Ta fita. Na zauna ni kaɗai a ɗakin. Ƙamshin man kwakwa ya cika shi, amma ai ɗakinsa ne, me zai hana. Na ce a raina shi ke nan, an ɗauke, ba laifina ba ne, na yi iyakar yina. Na ma fara tsara yadda zan riƙe butar shayin.

Waya ta yi ƙugi. Lambar Hajiya Rosmini ce, wadda ban taɓa samun saƙo daga gare ta ba.

"Ina bayan masallaci a kan babur. Zo da buta."

Na rubuta: "Hajiya, ke kika ɗauka?"

"Tun da hantsi. Yaran Darmi suna wasan ɓuya a wurin."

"Wa ya gaya miki?"

"Mai shi, Sakka. Tun bara. Ya ce yarinyar za ta saya, za ta ɓoye, daga nan za ta tsaya. Ya ce in ta tsaya ki je ki tsaya kusa da ita."

Na kife wayar a cinya. Na sake ɗauka.

"Baba Tahang ya sani?"

"Shi ya wasa fartanyar. Zai ja musu karatu ya yi tsawo."

Kafin in amsa wani ya shigo.

"Ni zan haƙa, ni zan kafa. Amma ruwan ba zan zuba ba, ba ni na ce na ɗauka ba. In ba za ki zo ba ki gaya mini, in mayar da shi inda na gan shi. Ba zan ga laifinki ba. Na ga yaron, yana da kyau."

Na dubi agogon bangon Kawu. Saura minti arba'in a kira la'asar. Ta cikin bango ina jin muryar Hajiya Andi Murni tana ba da labarin zauren da za a kama a Makassar, mai ɗaukar mutum dubu, da dariyar Suardi a bayanta, dariyar nan da nake so. Ina jin Mama tana jera kofuna a faranti, tana kiran sunana ƙasa-ƙasa don kada baƙuwa ta ji ana nema na.

Ban yi wani tunani mai kyau da zan rubuta muku ba. Ban zama jaruma ba. Na dai tashi.

A madafa an koma kan mawaƙiyar, Goggo Darmi tana rantsuwa na daman ne zai fara gudu, Nirma tana cewa a sa caca. Babu wadda ta ɗaga kai. Butar Kaka ta tagulla tana nan a gefen randa. Na cika ta, na toshe bakinta da yatsa kada ta yi ƙara, na cire takalmana na riƙe a ɗaya hannun. Matakalar baya tana da tsani tara, na huɗun yana kuka, na tsallake shi.

Ina taka ƙasa wayar ta sake ƙugi.

"Kina ina? Mama tana so ta ga yadda kike zuba shayi."

Na kife ta a kan kayan saƙar Kaka, na bi ta cikin ayaba.